Abin da Koray Ya Wanke

A Izmir, a lungun masu gyaran agogo,
bayan mai gasa masara, kafin a kai bakin teku,
akwai shagon Usta Rasim, taku uku da rabi,
rakodoji jibge har rufi, kowace da bakinta a buɗe.
Nan na kai kaset ɗin Baba ranar Talata,
naɗe a ɗankwalin Inna.

A saba'in da huɗu ya aiko shi daga Jamus,
ta hannun wani direba mai kawo cakulan da gaisuwa.
Baba bai iya wasiƙa ba.
Sai ya zauna a ɗakin da suke kwana su shida,
ya danna jan maɓalli da yatsan da injin ya bar masa,
ya yi gyaran murya har sau biyu:
"Nurten, giɓin nan naki ya cike?"

Bara ɗana Koray ya ara,
ya zuba shi a kwamfuta, ya kwana yana tacewa.
Da safe ya miƙo mini waya yana murmushi:
"Mama, na wanke shi tas,
babu ƙugi, babu shuuu."
Na kara a kunne. Muryar Baba ce kam,
amma tsaye take ita kaɗai,
kamar mutumin da aka yanko da almakashi daga hoton biki.

Ina butar shayin da ke tafasa a bayansa?
Ina tarin mutumin gadon sama,
wanda ban taɓa gani ba, amma na girma da tarinsa?
Ina ruwan da ke dukan tagar baƙuwar ƙasa?
Ina wurin da zaren ya miƙe
ranar da muka manta shi a rana bakin taga,
har muryar Baba ta riƙa sauka a hankali
kamar tsoho a kan matakala?

Akwai kuma daƙiƙa uku.
Ina 'yar shekara bakwai, hannuna ya kai jan maɓallin.
Baba yana cewa, "Idan na dawo, zan..."
sai dariyata ta hau kan maganar ta zauna.
Inna ta mare ni, sannan ta rungume ni tana kuka.
Ya dawo a akwati bayan hunturu biyu.
Shekara hamsin ke nan ba mu san alkawarin ba.
Koray ya ga kuskure ne, ya cire.
Ban yi masa faɗa ba. Yaron kirki ne.

Usta Rasim bai tambaye ni komai ba.
Ya zura fensir a idon kaset, ya juya, ya juya,
ya ɗiga jan farce inda zaren ya tsinke,
ya goge kan rakoda da auduga da turaren lemun tsami.
Sannan ya dube ni ta saman tabarau:
"Kin san shi kamar sabulu yake.
Duk jin da aka yi, sai ya ɗan ragu."
Na ce na sani, Usta.
Ni ma haka nake, kowace safiya.
Saka shi.

Ƙas.

Shuuu ɗin ne ya fara zuwa, kamar kullum,
ya share wuri, ya shimfiɗa tabarma.
Buta ta ɗauki kuka. Mutumin sama ya yi tari.
A waje jirgin fito ya busa ƙaho,
wani yaro ya leƙo yana neman cajar waya,
Usta ya ɗaga masa hannu: dakata.

Baba ya gyara murya, ya sake gyarawa.
Na taɓa haƙoran roba da harshena,
na ce masa a zuci, ya cike, Baba, ya sake buɗewa.
Na jingina da kanta, shayina yana hucewa,
ina jiran yarinyar nan ta zo
ta katse shi.