Turakun Titin Arrayán

Sau uku ke nan ina kafa turakun nan,
kowane da jan ƙyalle a wuya,
a Valdivia, inda ruwan sama
ba ya sallama kafin ya shigo.
Ni ce mai awon hanya.

Zanen farko miƙaƙƙe ne kamar sanda:
daga inda kwalta ta ƙare, gaban gidan burodi,
ya ratsa fadama, ya hau gada.
Na shiga da takalmin roba har gwiwa,
fararen agwagi masu baƙin wuya
suna bina da ido, kamar na zo musu da ƙarya.

Sai ga ɗaliban jami'a da kwalaye,
wai in aka cike fadamar nan da tsakuwa
ina ambaliya za ta kwana?
Majalisa ta zauna har sha ɗayan dare,
da safe aka ce: Ismelda, tuge, ki juya.

Na tuge. Laka ta riƙe biyu, na bar mata.

Zane na biyu ya karkata hagu,
ya shiga kicin ɗin Rosalba Catrilef ta taga,
ya fita ta bayan murhu.
Ba ta zage ni ba. Shayi ta zuba mini,
ta nuna mini tabo a katakon bango
inda ruwa ya tsaya shekarar girgizar ƙasa.
"Kogi bai fitar da ni ba, 'yar nan,
sai takarda mai hatimi ce za ta iya?"
Na buga turke tsakanin itacen tuffa da rijiya,
guduma na kuskure, kaina a ƙasa don kunya.

Ranar zama zaure ya cika har matakala,
lema na ɗiga a kan lema.
Kansila Oyarzún ya shimfiɗa taswira,
ya ce minti goma sha biyu motar asibiti
take ɓatawa a zagaye,
kuma a cikin zagayen nan mahaifinsa ya cika.
Ko tari ba a yi ba. Yana da gaskiya.
Can wani ya ɗaga murya daga baya:
"Filin surukinka fa, na bakin sabon layi?"
Shi ma mai tambayar, na san garejinsa,
ni na auna shi, taku bakwai ya ci na hanya.

Huɗu suka ce e, huɗu suka ce a'a.
Magajin gari ya dubi agogo,
ya ce a kafa kwamiti, a je a dawo.
In ka ji kwamiti, nemi kujera, ka ajiye kaya.

Zane na uku ya zo a murɗe
kamar macijin da aka taka.
Ya kauce wa agwagi, ya kauce wa murhu,
ya kauce wa gareji da filin suruki,
ya faɗa filin ƙwallon yara,
su da ba su kai jefa ƙuri'a ba,
ba su da lauya, ba su da kwali ko ɗaya.

Na kafa ashirin da yamma.
Da safe na tarar da sha shida,
huɗu sun zama bakin raga, biyu nan, biyu can.
Mai tsaron gida, wata Maite mai wushirya,
ta ce in matsa, na tare mata gani.
Na matsa. Har na yi dariya.

Kwalta na nan inda ta tsaya.
Bas ya zo gaban gidan burodi, ya yi ribas,
direba ya sayi biyu masu zafi, ya koma.
Taswira uku na naɗe a bayan motata,
danshi ya fara cin gefen ta farkon.
Jiya Rosalba ta aiko mini da kwalbar tuffa,
da saƙon in zo in cire turkena
ko ta ɗaura masa igiyar shanya.