Wasiƙa ga Thurman, Bayan Daren Ƙanƙara

Thurman, yayana, an ce mesarka ta huce,
ta haɗiye zomo bayan wata huɗu tana yajin ci.
Na yi murna. Har zuciya na yi murna.
Amma bari in faɗi tawa, ko da za ka kira ta gori.

Shekara tara kana ce mini mai kiwon igiya.
Kai ne mai ƙafa goma sha biyu ta tsoka da zane,
wadda maƙwabta ke leƙe ta taga,
su dafe ƙirji, su ɗauki hoto, su wuce.
In sun wuce, me take yi?
Tana kwance.
Jiya kwance, gobe kwance,
kamar tayar tirela da aka manta a bayan gareji.

Zo Valdosta da asuba ka ga nawa,
kafin ruwan kofi ya tafasa.
Clementine, macijiyar masara, ja da ruwan lemo,
tana bin gilashi lungu-lungu, harshe na lissafi,
tana neman inda na yi sakaci.
Sau uku ta samu.
Na farko a takalmina na zuwa coci,
na biyu bayan firji, ta yi buɗu-buɗu da ƙura,
na uku kwana goma sha ɗaya, na yi kuka har na haƙura,
sai ga ta cikin kwandon wanki, ko a jikinta.

Ga kuma ɗan guntun nan mai ɗagaggen hanci,
da bai taɓa cizon kowa ba:
ya fasa kai, ya yi huci kamar shi ne ajali,
in ba ka tsorata ba ya wuntsila ya mutu,
baki a buɗe, harshe a waje.
Ka kifa shi, ya sake birkicewa,
don a saninsa gawa ba ta kwanciya rubda ciki.

Ka tuna daren Janairu da ƙanƙara ta tsinke wayoyin lantarki?
Fitilun ɗumi suka mutu ɗaya bayan ɗaya.
Ni da kai da jikanka Odell muka ciccibo ta a bargo,
ƙuguna har yau bai yafe mini ba.
Muka kwana cikin motarka, inji na ruri, hita na busawa,
kana kiran sunanta kamar tana da kunne.
Nawa kuwa suna ɗakin ajiya, cikin kwalaye masu huji,
suna barcin hunturu irin na kakanninsu.
'Yan ƙasa ne. Sun san wannan sanyi
tun ba a gina rumbun masara ko ɗaya a Jojiya ba.

Ba na ƙin ta, ka ji.
A daren nan da tsakiyarta ke kan cinyata,
na ji numfashinta yana tafiya a hankali,
kamar jirgin ƙasa can nesa,
sai na gane abin da ya kama ka.
Amma shekarata sittin da takwas,
abin da ba zan iya ɗagawa ni kaɗai ba,
ba zan yi masa alkawari ba.

A Yuni Clementine ta zuba ƙwai goma sha huɗu,
farare, masu laushi kamar safar hannu.
Jiya hanci na farko ya tsago,
ya leƙo duniya, ya koma ciki ya ƙara tunani.
Yau su shida ne, kowa tsawon fensir,
kowa na karkaɗa wutsiya yana sarar iska.

Na ware maka ɗaya, mafi rashin kunya.
Ɗan ɓera guda a mako ya ishe shi.
Ka zo Lahadi bayan coci.
Ka taho da murfi mai ƙugiya,
kuma ka riƙa duba takalminka.