Shafi Shida

Mu tara ne a layi, littafi ɗaya tak,
Kowa kwana biyu, ya miƙa wa na gaba.
Malama Ige ta rubuta a allon aji biyu:
"Ku karanta, ku taƙaita, ban da ƙarya."

Ran Laraba ya iso hannuna,
Bangonsa duk miya da zufan waɗansu.
Na cusa shi a riga, na bi ta Runjin Sambo,
Kwalta na zafi kamar kaskon suya.

Da dare Inno ta ce, "Matso nan, Sahabi,
Ido bai san boko ba, kunne ya sani."
Na karanta mata da tocilan ɗin Baba,
Labarin ɗan su da jirgin aro,
Batir ya mutu yana tsakar ambaliya.

Saura shafi shida. Na aje kan turmi,
Na tafi ɗibar ruwa da sassafe.
Na dawo na iske jar akuya na tuƙa,
Ta dube ni, ba ko ɗigon kunya.

Na zauna gindin dogonyaro da biro,
Na ce, wa zai sani in na ƙera nawa?
Na ceto ɗan su, na ceto jirginsa,
Na cika masa koma da giwan ruwa,
Na kai shi gida ana ta guɗa da shewa,
Na ja layi ƙasa, na sanya aya.

Malama ta karanta shi gaban aji,
Ba ta yi sauri ba, ba ta tsallake ba.
Aka tafa. Na kumbura kamar alkaki.
Sai ta cire tabarau ta aje kan tebur,
Ta ce, "Wanga ƙarshe, ina ka samo shi?"
Na ji bencin ya koma bakin rijiya.

"A littafin, jirgi ya nutse a gulbi,
Yaron ya je da ƙafarsa ga mai shi,
Ya ce, ni na ɓatar, ni zan biya.
Kai ka hana shi faɗin abin da ya faɗa."

Maki biyu ta ba ni da jan biro:
Goma na alƙalami, sifili na gaskiya.

"Ba ni ka cuta ba, dubi bayanka,
Tumba da Modi na jiran kwanansu.
Ga nawa, kwafe shafin shida da hannu,
Harafi harafi, har waƙafi da ɗauri,
Ka mayar wa littafi abin da ya rasa."
Kwana uku ina yi, har ciwon wuya.

Baba baduku ne, bai ce mini uffan ba,
Ya zare basilla, ya goga wa zare kaki,
Ya ɗinke rubutuna a jikin na inji.
Bayan layya, da fata ta fito majema,
Ya yi masa bango ja mai sheƙi.
Inno ta shafa shi tana dariya:
"Ta ci littafi, littafi ya yafa ta,
Kowa ya ci bashi, ai sai ya biya."

Yau ni ke riƙe lissafin 'yan albasa,
Buhu ya shiga, buhu ya hau mota.
Wata ran da yamma shafi ya ƙi cika,
Biro ya yi mini raɗa, "Ƙara biyu,
Wa zai ƙirga a wannan hayaniya?"

Sai in ji ƙarar tabarau kan tebur.
In rufe littafin, in je ga mai kaya,
In ce, "Alhaji, buhu biyu ban gan su ba."
Ya yi faɗa, wani lokaci har da zagi,
In sha, in dawo gida ta Runjin Sambo,
Kwalta na zafi, ina tafiya.