Ido Na Kawo, Ba Tumbi Ba

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran waya a Ikeja,
teburina bai kai faɗin dardumar salla ba.
Kusoshi ƙanana kamar ƙwayar riɗi,
ni ke tsinto su, ni ke mayar da su ɗakunansu.
Ran wata Talata ɗaya ta faɗo a tafin hannuna,
na neme ta na rasa.
Yarona Bilya ya ce, "Oga, ga ta nan fa."
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Asibitin ido, layi tun asuba.
Dakta Morenike ta haska mini fitila,
ta leƙa kamar mai neman guga a rijiya.
"Malam Tanimu, me kake ɗigawa a ciki?"
Na ce ruwan sukari, wani sa'in kwallin kasuwa,
da wata 'yar kwalba da na saya a cikin danfo.
Ta ajiye biro.
Ta ce ido ba tukunyar biki ba ce
da kowa zai zo ya jefa nasa gishirin.

Sai ta nuna mini sikeli.
Na ce ido na kawo, ba tumbi ba.
Ta ce ai jini ɗaya ke yi musu aike,
in sukari ya hau, har tagar gida yake leƙowa.
Na hau. Allurar ta wuce ɗari,
ta tsaya tana rawa kamar mai jin kunyata.

A hanyar gida na yi wa kaina lissafi:
burodin Agege da wake mai manja da safe,
lemon kwalba biyu, don zafi,
tsire bayan isha, don gajiya,
kujera tun hantsi har magariba.
Babu ɓarawo a cikinsu,
duk ni na buɗe musu ƙofa.

Ta ce duk minti ashirin in ɗaga kai in dubi nesa.
Ina nesa a Legas?
Bango, allon talla, ƙeyar wani.
Sai na ga jirgi ya taso ta bayan rufin kwano.
Yanzu ni ke raka su,
ban san inda za su ba,
ina bin su da ido har su koma ƙwayar riɗi.

A Mangoro nake sauka, in taka zuwa gida.
Kwandasta ya zaci kuɗi ne suka ƙare.
Zogale ya dawo kwanona, da karas, da alayyahu,
malmala uku ta koma ɗaya da rabi,
rabin nan har gobe muna gardama da shi.

Hansatu, 'yata, ita ta kawo yoga.
Ta shimfiɗa tabarma a saman bene,
tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya.
"Baba, tsaya da ƙafa ɗaya, ka zama bishiya."
Na zama bishiya, irin wadda iska ke kayarwa.
Iya Sikira ta leƙo ta taga
ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Amma da yarinyar ta ce ja numfashi, riƙe, saki a hankali,
sai na ji ashe ƙirjina yana da ɗaki na ciki
da ban taɓa shiga ba.
Janareton maƙwabta na ruri,
jiniya na kuka can wajen titi,
ni kuwa kafaɗuna sun sauko
kamar ɗan dako ya sauke buhu.

Wata huɗu ke nan.
Ban zama saurayi ba, gwiwa na nan da ƙorafinta.
Bel ya matsa huda ɗaya,
tabarau ya zauna a karan hanci,
waya na kwana a aljihun riga, ba a kan fuskata ba.

Jiya kusa ta sake faɗuwa.
Bilya ya sunkuya zai nema.
Na ce bari, ga ta can,
kusa da ƙafar kujera.