Taku Uku

Ranar Talata bayan la'asar,
a filin bayan kasuwar Maiwurno,
Koci Babikir ya ja ni gefe,
ya tsinci kara ya zana ƙasa.
Ya ce, “Jafaru, nan kake tsayawa.”
Ya ja karan baya, taku uku.
“Daga Juma'a, nan nake son ka.”

Taku uku ne a ƙasa,
a ƙirjina tafiyar yini ce.

Shekara goma sha ɗaya ina goye da tara.
Ni yaran Sinnar ke zagi daga kan katanga.
Ƙwallon da na ci da ka a Sinja,
Hajja Sakina mai shayi
kullum ta ba da labarin sai tsallen ya ƙara tsawo,
har yau ba ta karɓar kuɗin jabanata.

Na ce, “Koci, me na yi?”
Ya ce, “Ba kai ba ne, gwiwa ce.
Idonka na isa wurin da wuri,
ƙafarka in ta zo ta tarar an watse.”
Can ga Mu'awiya, yaron gidan bulo,
shekara sha tara,
yana gudu kamar masu bashi sun biyo shi.

Da dare kisira ta huce a gabana.
Ɗanliti ya ce, “Kada ka yarda.
Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.
Wa ka taɓa gani an ɗauka a kafaɗa
don ya miƙa wa wani?”
Yayana ya ce, “Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.”
Na ce, “Yaya, ragon gaba zai koma.
Ni in na ja, na ja ke nan.”

Da asuba na gangara bakin kogi.
Baba na loda buhunan albasa,
shi da bai san tara ba, bai san shida ba,
bai taɓa taka filin ba ko ranar kofi.
Ya ce, “Shiga, ka riƙe min.”
Na nufi goshin jirgi, mazaunina tun ina yaro,
inda ake fara taɓa tsallake.
Ya ce, “A'a. Kafaɗa na ciwo. Dawo nan.”
Ya miƙa min filafili.

Daga nan baya na ga jirgin duka:
buhun da ya karkata,
tsohuwar da ta zauna gefe ɗaya da akuyarta,
inda ruwa ke murɗawa kafin ya ja.
Ban ce komai ba, shi ma haka.

Juma'a ta zo, na sa shida.
Rigar ta matse ni a hammata.
Karon farko na ga bayan abokaina,
na ga rami tsakanin masu tsaronsu biyu,
ramin da shekara sha ɗaya
nake ciki ina ɗaga hannu ba a gani na.
Na zura. Mu'awiya ya taɓa. Raga ta motsa.
Suka ɗauke shi sama suna ihu,
ni kuma na sunkuya na ɗaure igiyar takalmi
wadda ba ta kwance ba.

Saura minti bakwai ƙwallo ya faɗo gabana,
Mu'awiya a buɗe, yana kira.
Na gan shi. Wallahi na gan shi.
Tsohuwar ƙafa ta ce ita ba ta ji zanen Koci ba.
Na narka.
Ya haye raga, ya haye katanga,
ya sauka cikin kofunan Hajja Sakina.

Koci ya dafe kai.
Hajja ta ce uku sun fashe,
kuma wannan karon sai na biya.