Ba Gindin Tukunya Ba Ne

Bara'atu ta dawo daga Kongo ran Alhamis
da ƙullin leda uku da wata 'yar kwalba.
Ta ce, Inna, janye itacen nan, zo ki zauna.
Na ce mai zai huce.
Ta ce ya huce.

Shekara ashirin da biyu ina suyar ƙosai a Ƙofar Doka,
kasko ya fi madubi sanin fuskata.
Hayaƙin ɗanyen ice, hayaƙin 'yan acaɓa,
tiririn mai tun kafin a kira assalatu,
duk a nan suke sauka,
ba mai biyan kuɗin haya.

Ta tankaɗe garin shinkafa a tsohon ɗankwalina,
ta ɗiga zuma, ta sa kindirmo cokali biyu,
sai kurkur, abin da bakin farce zai ɗauka.
Na ce, 'yar nan, wannan ai kalaci ne kike ɓarna,
miƙo mini ludayi.

Ruwan ɗumi tukuna, in ji ta, ba mai zafi ba.
Ta yi bisimilla, ta faro daga goshi,
yatsu biyu, zagaye, zagaye,
kamar mai lallaɓa fura kada ta fashe.
Ni da na saba da toka da soson ƙarfe
na kai hannu zan dirje.
Ta kama ni caraf:
Inna, ba gindin tukunya ba ne.
Fata ba ta son faɗa.
Sau ɗaya a mako ya isa,
kuma ban da gefen ido.

Ban da gefen ido.
To, ai nan kayan suka fi yawa.

Na rufe su, na yi shiru.
Yayyafi na taɓa kwanon ɗaki.
Sai na tuna rabon da hannun wani ya sauka a fuskar nan
tun daren da babanki, Tanimu mai gyaran rediyo,
ya ɗora bayan hannunsa a goshina
yana auna zazzaɓi,
yatsunsa na ƙanshin dalma.
Ban faɗa mata ba.
Na ce kurkur ne ya shiga mini ido.

Da ta ɗauraye, na leƙa kwano:
Kubanni ke nan a tsakiyar damina.
Matacciyar fata ce, in ji 'yar boko.
Ashe gawa nake ɗauka kullum zuwa bakin titi,
ina gaisawa da mutane da ita!
Muka yi dariya har maƙwabta suka ɗaga labule.
Na juye ruwan a gindin gwanda,
ita ma ta ci rabonta.

Ta kawo madubi, ta haska da waya.
Ƙura ta tafi. Maiƙo ya tafi.
Amma tabon kumatun hagu yana nan,
inda mai ya yi tsalle shekarar da kika shiga sakandare.
Zanen wanzami yana nan, ya ma ƙara fitowa,
aikin wani tsoho a Kusfa da ban san sunansa ba.
Ramin nan tsakanin gira,
ni na haƙa shi da lissafin canji.

Ta ɓata rai: waɗannan ba sa fita.
Na ce bar su.
Rasit ne.

Ta murza man kaɗanya a tafinta har ya narke,
ta shafa mini, ta ce in kwanta.

Da asuba na fita da ƙullu a ka.
Iska ta taɓa ni a Tudun Wada,
na ji ta, wallahi, kamar an cire mini mayafi.
Ɗanjuma direba ya miƙo kuɗinsa, ya dube ni sau biyu,
ya ce, yau ina Inna, ko baƙuwa muka yi?
Na ce baƙuwar ba ta ba da bashi.

Na tura ice, wuta ta kama.
Hayaƙi ya taso ya nufo masaukinsa,
sai na ɗan kau da kai.