Takalma Sun Samu Biza

Ƙanena Arzika ya yi shekara biyu
yana tsintar takalma a tashar Tawa.
Gari ya ce karatun lakwal ne ya taɓa shi.
Ni dai tuwo nake aika mashi.

Silifa mai tsinkakken hanci,
takalmin taya da ya ci hanyar Agadas
ya komo da rabin dunduniya,
na roba, shuɗi, ɗaure da waya,
na wata yarinya da bai kai tafin hannu ba.
Duk motar ƴan cin rani da ta tsaya, yana bakin ƙofa:
ba ni tsohon, in saya maka sabo.

Ya samo ƙyauren tsohon shagon Barmu,
tsatsa ta cinye gindinsa,
ya jera su a kai da ƙusa, ɗari uku da sha ɗaya,
kowane hancinsa na duban arewa.
Na ce, wannan fa?
Ya ce, Yaya, ƙofa ce.
Na ce, ƙofa ba ɗaki?
Ya ce, ita ke nan.

Daren nan ban runtsa ba.
Da asuba na ciro na Illa daga ƙarƙashin akwati,
ƙafar hagu,
wanda ya tuɓe bakin randa ranar tafiya,
wai ba a shiga Turai da silifa.
Ɗayan, akuya ta tauna.
Damina shida ke nan.
Wayarsa ta ƙarshe: Inna, gobe za mu matsa.
Shatin babban yatsansa yana nan,
ɗan rami, daidai bakin yatsana.

Arzika bai dube ni ba.
Ya buga ƙusar a hankali
kamar wanzami a kan jinjiri.

Sai ga wata mata daga Yamai da baƙi biyu,
suna ɗaukar hoto, suna tafiya da baya-baya,
ɗayan ya riƙe haɓa har shayinsa ya huce.
Aka naɗe ƙyauren da auduga,
aka yi mashi akwatin katako, takardu, hatimi bakwai.
Albasata da ke zuwa Abijan
ba ta taɓa ganin gata irin wannan ba.

Shi kuma ya bi layi a Yamai tun kafin kiran salla,
hoto huɗu, jaka sittin,
takardar gayyata da sunansa da manyan baƙaƙe.
Suka ce ba su tabbata zai dawo ba.
Takalma ɗari uku da sha biyu suka hau jirgi,
mai ƙusa ya hau bas ya komo Tawa.

An turo hoton a waya.
Ɗaki fari fat, fitila daga sama,
mutane riƙe da kofuna masu dogon wuya.
Akwai rubutu gefe, Arzika ya juya mani shi:
wai aikin yana tambayar ko mu su wane ne,
da kuma wa ya zana iyaka.
Iyaka ban sani ba.
Su wane ne kuwa, na san ɗaya.
Na buɗa hoton da yatsu biyu,
layi na tara, na huɗu daga dama.

Ashe ka isa, Illa.
Da ƙafa ɗaya, amma ka isa.
Har igiya suka ja gabanka,
har mai gadi, kada kowa ya taɓa ka.

Yanzu takardun da aka hana biza yake tarawa,
buhu guda ya cika, har da tashi a ciki.
Jiya ya zo rumfata, na ce,
in an maido ƙyauren ka cire mani nawa.
Ya sosa ƙeya. Ya ce an sayar.
Na ce nawa?
Ya faɗi.

Na ci gaba da ware albasa,
manya nan, ƙanana can,
ruɓaɓɓu bayan rumfa.